Wushiryar Auta

Kurna, Kano.
Ranar Asabar.

Zuwa ga taubashina Sabo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da Sadiya da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Sakinatu, Ya haskaka makwancinta. Ni lafiya lau, sai ciwon ƙafar nan da tsayuwar aji ta gadar mini. Ka gaishe mini da Gwaggona, wadda kake ganin taka ce kai kaɗai don ta haife ka.

Na san za ka ce me ya haɗa Luba da wasiƙa, waya ta ƙare a duniya ne? Wayarka ce ta kore ni. Duk ran da na kira sai ka buɗe muryar a tsakar gida, kowa ya sa baki, har maƙwabta su amsa ta kan katanga. Gwaggo kuma kunne ya yi nauyi, ba ta jin komai ta waya. Shi ya sa na ba Badaru direba wannan, ya ajiye maka a tashar Ɗambatta.

Tun da na dawo hankalina yana kan Gwaggo. Har aka yi addu'ar bakwai ban ga hawayenta ba. Mata suna ta yaba dauriyarta, ni kuwa tsoro ta ba ni. Auta ce fa ta tafi, wadda tun rasuwar mijinta ta dawo gida suke kwana ɗaki ɗaya. Shi ya sa da Nana, 'yar Sakinatu, ta roƙe ni in bar ta wajen kakarta kafin sunayen makarantar jinya su fito, ban musa ba, ko da yake gidan ya yi mini faɗi.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka tuna yadda haƙoran Nana na sama suke lokacin da Sakinatu ta kawo mini ita riƙo: sun turo gaba, leɓe ba ya haɗuwa, ga wushirya mai faɗi a tsakiya irin ta uwarta. Shekara biyu ta yi da wayar gyaran haƙora a baki kafin su daidaita. Da likita ya cire wayar sai ya yi mata wata roba fara garau, daidai bakinta, wadda take sawa in za ta kwanta. Ya ce haƙori yana da ƙulafucin gidansa na da. In aka daina sa robar, sannu a hankali kowanne zai koma inda ya fito, wushiryar ta sake buɗewa, wahalar ta tashi a banza.

Nana ba ta da sakaci, amma wanda ya rasa uwa mantuwa ba ta yi masa wuya. Ka riƙa tuna mata. Da ruwan sanyi ake wanke ta, ruwan zafi lanƙwasa ta yake yi. Kada a bar ta a rana. In ta cire ta mayar da ita cikin ɗan akwatinta shuɗi, ta ɗora a sama, don na san awakinku, ko takalmin baƙo ba sa ragawa.

Ka rubuto mini yadda Gwaggo take cin abinci. Ba na son "da sauƙi", gaskiya nake so.

Taka,
Luba.

*

Tsamiyar Kwari, ta Ɗambatta.
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Malama Luba,

Amin wa alaikumus salam. Muna lafiya, Sadiya tana gaishe ki. Zafi ya fara, rijiyar masallaci ta ja baya. Ƙafa kuma ki daina ɗora wa aji laifi, shekaru ne, mu da muka san ranar sunanki ba za a yi mana wayo ba.

Wasiƙarki ta same ni, kuma asirin da kika so rufewa bai rufu ba. Inna ta gan ni da takarda ta ce ta wace ce, na ce ta 'yar ƙaninki ce, ta ce to zauna ka karanta mini. Na tsallake inda kika yi maganar hawayenta, sauran na karanta mata da ƙarfi a bakin kunne. Da na zo wajen maganar likita ta ce in maimaita. Na maimaita. Sai ta ce ikon Allah, ashe haƙori ma ya san gida.

Kin ce gaskiya kike so. Inna ba ta ci. Sadiya ta dama mata kunun tsamiya, ta yi mata ɗanwake, duk a rufe ake ɗaukewa. In dai Nana ta zauna a gabanta da kwano, tana kai loma biyu uku, tana ci tana kallon yarinyar. Ban da wannan, wuni take a bakin gadon Sakinatu da carbi.

Yanzu ki zauna kafin ki karanta sauran. Robar ta ɓata.

Nana tana kwana a ɗakin Inna, kuma ta bi maganarki, kullum da safe ta wanke ta ta ɗora akwatin a kan jeren kwanukan uwarta. Ranar Laraba ta tafi ɗebo ruwa da Sadiya, da yamma ta duba babu roba babu akwati. Mun fitar da kayan ɗakin nan kaf. Mun ɗaga gado, mun zazzage buhunan tsumma. Sadiya ta tone bola da tsinke, ni na shiga turken awaki ina duba bakin kowace akuya kamar mai shirin saye. Yara na tsare su ɗaya bayan ɗaya, sun rantse har ƙaramar ta yi kuka. Inna tana zaune a kan tabarma a tsakar gida tana kallonmu.

Nana ta yi kuka ranar, ta ce me za ta gaya miki. Na ce ta bar ni da ke, ai ni na saba shan faɗanki tun muna satar mangwaron Malam Basiru.

Ni dai a ganina, Luba, kada ki tayar da hankalinki. Haƙori ba dashen albasa ba ne da zai tashi daga inda aka kafa shi. Na dube ta jiya, ban ga abin da ya motsa ba. In ta dawo Kano a yi mata wata.

Taubashinki,
Sabo.

*

Kurna, Kano.
Ranar Talata.

Sabo,

Gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya.

Na karanta. Na roƙe ka abu ɗaya tak, kuma na rubuta shi dalla-dalla kamar ina koyar da 'yan aji ɗaya. Kai ka duba ba ka ga abin da ya motsa ba? Yaushe ka zama likita? Ni na raka yarinyar nan asibiti duk wata. Ni na ga yadda take kwana uku ba ta iya tauna ko burodi in an ɗaure mata wayar. Ni na share mata hawaye lokacin da 'yan ajinsu suke kiranta zomo. Kai kana can kana kwatanta bakinta da albasa.

Na je wajen likitan. Ya ce tun da ba a daɗe da cire wayar ba, haƙoran ba sa jira, a kawo ta ya sake ɗaukar awon bakinta tun kafin su yi nisa. Ka sa ta a motar Badaru ran kasuwa mai zuwa.

Wallahi abin ya ƙona mini rai. Gidan da ba a iya tsare ɗan abin da bai kai tafin hannu ba, me za a iya tsarewa a cikinsa?

Ka gaishe da Gwaggo.

Luba.

*

Watari.
Ranar Juma'a.

Luba,

Sallama. Muna nan da rai. Na san kin ga kasuwa ta ci har sau uku ba Nana ba amsa, kuma kin kira ban ɗauka ba. Ina nan gonar rani a Watari, tumatir ya nuna gaba ɗaya, in ba a tsinke ba rana ta dafa shi a gona. Wannan dalili ne, amma ba shi kaɗai ba.

Me za a iya tsarewa a cikinsa. Na karanta layin nan a tsaye a tasha, na ninke takardar, ban san lokacin da na iso gida ba. Na gane abin da kike nufi. Lokacin da ciwon Sakinatu ya tashi ina nan Watari, aka ce ciwon shawara ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe, sai da na dawo muka kai ta asibiti, likita ya ce mun makara. Ba wanda ya faɗa mini a fuska sai ke. Na san gidanmu bai tsare ta ba, ba sai an rubuto mini ba. Kullum in na sunkuya a kwamin tumatir da maganar nake sunkuyawa.

Maganar haƙori kuma ke ce da gaskiya, ni na yi kuskure. Na je gida ranar Litinin, Nana ta gaishe ni, sai na ga haske tsakanin haƙoranta na gaba. Ɗan siriri ne, tsinken tsintsiya zai shiga. Ta lura na gani, ta sa mayafi ta rufe baki.

Amma ki ji abin da ke faruwa a nan. Kin san mutanenmu da wushirya, mu a wajenmu ado ce, har waƙa 'yan mata suke yi mata. Duk matar da ta shigo gidan sai ta ce barka, Nana, kyanki ya dawo. Wata tsohuwa cewa ta yi dama 'yan birni ne suka rasa aikin yi, a ce Allah Ya ba yarinya wushirya a je a sa ƙarfe a toshe.

Inna kuwa, ranar ina zaune Nana ta kawo mata fura, Sadiya ta faɗi wata magana, Nana ta yi dariya ba ta shirya ba. Inna ta ajiye ludayi ta ce, "Auta, sake yi in gani." Ba wanda ya gyara mata. Nana ta sake yin murmushi, hawaye na zuba. Sai Inna ta fashe da kuka, kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka fita da gawa. Ta yi mai isarta, sannan ta shanye furar nan tas, ta ce a ƙaro.

Tun daga ranar tana cin abinci. Jikin dai babu ƙwari, ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta. Amma tana hira, tana tsokanar yara.

To ki gaya mini, Malama, ta yaya zan ɗauke yarinyar nan daga gabanta in sa a mota? Ke kina ganin haƙori, ni ina ganin uwata. Ban hana Nana tafiya ba. Na tambaye ta, ta ce, "Kawu, a bari tukuna." Na bari.

Sabo.

*

Kurna, Kano.
Ranar Litinin.

Ɗan'uwana Sabo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, Allah Ya sa a sayar da daraja. Ya jikin Gwaggo? Allah Ya ba ta lafiya.

Na rantse da Wanda raina yake hannunsa, Sakinatu ba ta zo mini a rai ba lokacin da na rubuta layin nan. Awaki nake nufi, da yara, da ɗakin da kowa ke shiga. Haushi ne ya riƙe biron. Amma magana zarar bunu ce, na zara, ba ta komawa. Ka yafe mini. Ajalinta ne ya zo, kuma kai ka ɗauke ta a bayanka zuwa mota, duk garin ya shaida. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle ni da kai da muka tashi muna faɗa a kan ƙanzo.

Na yi kuka da labarin furar nan har maƙwabciyata ta leƙo. Ni ma na tuna dariyar Sakinatu. Tana iya tsartar da ruwa ta wushiryar nan daga bakin rijiya ta same ni a gindin tsamiya, Gwaggo tana bin ta da zagi tana dariya. Ban taɓa tunanin cewa da muka gyara bakin Nana mun ɗauke wa wani wani abu ba.

Duk da haka ka saurare ni da kunnen basira. Ba wushiryar kaɗai ke dawowa ba. In aka ƙyale, haƙoran za su sake turowa gaba, leɓen ya daina haɗuwa, ta koma rufe baki da mayafi a gaban mutane. Kai da kanka ka ce ta fara. Nana ba za ta taɓa cewa a kai ta ba, kara za ta yi wa kakarta ko da bakinta zai lalace. Mu ne manya, mu za mu faɗa a madadinta.

Ba ɗauke ta zan yi ba. Aro nake nema. Ta zo ran Lahadi, likita ya gan ta ran Litinin, da an gama robar in sa ta a mota da hannuna. Kafin Juma'a tana gaban Gwaggo da kwanon fura. Na yi maka alkawari.

Ka yi wa Gwaggo bayani a hankali. Ka ce Lubanta ce ta roƙa.

Taka har kullum,
Luba.

*

Tsamiyar Kwari.
Lahadi da safe.

Luba,

Sallama. Ya wuce, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Ni ma na yi saurin ɗauka. Ina rubutu a tsaye, Badaru yana ta danna ham.

Ga Nana nan. Ga kuma kwandon tumatir da 'yar kuka daga Sadiya, kada ki ce bawanki bai kawo gaisuwa ba.

Jiya na gaya wa Inna. Na ɗauka za ta hana, ba ta hana ba. Ta ce 'yar Luba ce, ita ta raine ta, wa zai hana uwa 'yarta. Da safen nan Nana ta durƙusa yi mata sallama, sai ta riƙe haɓarta ta juya fuskarta wajen hasken ƙofa, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Rufewa za su yi ko?" Ni na ce dubawa kawai za a yi. Ta ce, "To. Allah Ya kiyaye hanya, Auta."

Ba ta karya ba har yanzu, amma Sadiya tana lallaɓa ta. Ki cika alkawari.

Sabo.

*

Kurna, Kano.
Litinin da yamma.

Taubashina,

Assalamu alaikum. Nana ta iso lafiya, tumatir ma ya iso, rabi a fashe, Badaru ya ɗora masa buhun gero. Ka gode wa Sadiya. Ya kwanan Gwaggo?

Yanzu muka dawo daga asibiti, ko mayafi ban cire ba. Ina da albishir, kuma da gangan na ƙi kiranka. Na san ka, kafin in rufe baki duk Tsamiyar Kwari ta ji. Nana tana so Gwaggo ta fara ji, a ɗaki, ka karanta mata a bakin kunne yadda ka karanta mata ta farko.

Likita ya duba ya ce mun yi sa'a. Haƙoran ba su turo gaba sosai ba, na tsakiyar nan biyu ne suka rabu. Ya ce hanya biyu ce. Ko a mayar da waya na wasu watanni a sake rufe wushiryar, ko a yi sabuwar roba a kan yadda bakin yake yau. Ya ce roba ba ta gyara komai, abin da ta tarar shi take riƙewa. In aka yi ta yanzu, haƙoran ba za su ƙara gaba ba, wushiryar kuma ta zauna yadda take, 'yar siririya.

Na buɗe baki zan ce a mayar da waya, ka san ni. Sai ya ce ba ni ya tambaya ba, mai bakin ya tambaya. Nana ta ce, "A bar ta haka." Na ce ki yi tunani, shekara biyu fa. Ta ce, "Anti, na yi. Da can in na duba madubi ni kaɗai nake gani. Yanzu ina ganin Ummata kaɗan. Kuma Inna tana jira." Likita ya cusa mata wani abu mai kama da ƙullin alala a baki ya ɗauki awo, ya ce mu koma ran Alhamis mu karɓa.

A hanya na fara mita a kan tsohuwar robar, ina cewa har yanzu ina mamakin inda ta shiga. Ta dafa hannuna ta ce in bar maganar, abin da ya tafi ya tafi. Na bari.

To ka gaya wa Gwaggo ba a rufe ba, kuma ba za a rufe ba. Ka faɗa da ƙarfi ta ji. Ran Alhamis da la'asar Autarta tana gida, ni ma ina tafe, a ajiye mini fura.

Taka,
Luba.

*

Tsamiyar Kwari.
Ranar Asabar.

'Yar'uwata Luba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun isa gida lafiya, ke da Nana. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Inna, Ya haɗa ta da Autarta a Aljanna. Baƙi sun watse, gidan ya yi shiru. Sadiya ta rufe ɗakin, ba mai son wucewa ta ƙofar.

Kwanakin da kuka yi a nan ba mu samu zama ni da ke ba, kuma ko mun samu ban da bakin faɗa. Na ga yadda kika kasa haɗa ido da ni tun da kuka sauka kuka tarar har an kai ta. Ki cire wannan a ranki. Ke kika roƙa, ni na sa yarinyar a mota, kuma da ta zauna da ta tafi, Larabar nan ba za ta wuce Inna ba. Alkawarinki ba ki saɓa ba.

Akwai abu biyu da ban gaya miki ba.

Da matan suka zo yi mata wanka, sun sami ƙulli a bakin zanenta na ciki, inda take ɗaure goro. Sadiya ta kwance, sai ga ɗan akwatin nan shuɗi. Ta ɓoye shi, sai bayan tafiyarku ta ba ni. Robar tana ciki, tsaf, ko ƙura babu. Sai yanzu Sadiya ta gane dalilin da ya sa kullum da safe Inna take cewa a kawo mata ruwan randa a ɗan kofi, banda na alwala, kuma ta ce kada a surka. Wanke ta take yi da ruwan sanyi, yadda kika rubuta. Ni na karanta mata da bakina, har sau biyu. Duk ranar da muke tone bola da leƙa bakin awaki, abin yana jikinta.

Na yi ta neman in ji haushinta, ban samu ba. Ba ta yar ba, ba ta ƙona ba. Ina jin aro ta yi, irin wanda kika yi. Ga shi nan cikin ambulan ɗin, ki ba Nana in kin ga ya dace. Daga abin da ta ce miki a hanya, ba na jin za ta yi mamaki.

Na biyu wasiƙarki ce. Motar Badaru ta lalace ran Talata, ta kwana a gareji da takardar a ciki. Sai ran Laraba da yamma ya miƙo mini ita a wajen zaman makoki, yana ta ba da haƙuri, bai san abin da ya ɗauko ba. Na zagaya bayan rumbu na karanta.

Ran Laraba da hantsi, kafin numfashin ya sarƙe, Inna ta sa aka kira ni. Ta kama hannuna ta ce, "Sabo, sun rufe?" Na tsaya ina tunani. Kin san Inna ba ta son ƙarya, ta sha dukana a kanta. Na sunkuya a bakin kunnenta na ce, "Ban sani ba, Inna, ba a aiko ba tukuna." Ta ce to, ta juya fuskarta wajen bango. Ba ta ƙara tambayar komai ba sai salati.

Luba, da na daure na yi mata ƙarya ran nan na ce ba su rufe ba, ashe da gaskiya na faɗa mata.

Ki gaishe da Nana. Ki ce kawunta ya ce ta riƙa sa robarta, kuma in ta zo hutu kada ta rufe baki da mayafi a gabana.

Naki,
Sabo.